Amsa ga ƙanenmu na Marwa kan ƙungiyar koyon magana

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, inda kake cewa ku samarin unguwarku a Marwa kuna son kafa ƙungiyar koyon magana a gaban jama'a, kana son jin yadda mu na Garwa, a nan arewacin Kamaru, muka fara da abin da muka samu a ciki, da kuma ko dole ne sai an yi rajista da Toastmasters, wato ƙungiyar koyon jawabi ta duniya. Ban amsa da wuri ba don maganar ba ta layi biyu ba ce. Ina cikin waɗanda aka fara da su, to abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Mu dai kunya ce ta haifi tamu ƙungiyar. Akwai wata damina da ruwa ya cinye mana hanya a unguwa, kwata ta toshe, ruwa har cikin zauruka, sai jawro, wato mai unguwa, ya kira taro aka ce wani babba zai zo ya saurari kukanmu. Mu samari mun fi goma a wurin, mu ɗin nan da in aka zauna majalisar shayi muna iya musun ƙwallo har ɗaya na dare ba mai gajiya. Baƙo ya gama jawabinsa ya ce matasa fa, me za ku ce? Wallahi kowa ya yi tsuru-tsuru, wannan na taɓa wannan. Ƙarshe ɗayanmu ya miƙe ya yi gaisuwa ya yi godiya ya sake godiya, ya zauna bai ambaci kwatar ba. A daren nan ba wanda ya ji daɗin shayi. Abin ya ci mana rai sosai, don mun san abin da ke damunmu, bakin faɗa ne babu.

A cikinmu akwai wani malamin lise, wato sakandare, da ya yi karatu a Yawunde, shi ya ba mu labarin ya taɓa zuwa zaman Toastmasters a can a matsayin baƙo. Ya ce wani Ba'amurke mai suna Ralph Smedley ne ya kafa ta a 1924 a garin Santa Ana na jihar Kalifoniya, don ya ga samarin da yake aiki da su ba su iya tsayawa su yi magana a taro ba, wato irin ciwonmu sak. Ya zayyana mana yadda suke yi: akwai mai riƙe lokaci, akwai mai ƙirga kame-kamen baki, akwai mai tashi ya yi wa jawabi gyara, akwai kuma lokacin da za a jefo maka tambaya ba shiri ka yi magana minti ɗaya zuwa biyu. Muka ce ai wannan ba abin da ya fi ƙarfinmu. Lahadi mai zuwa bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma biyu a zauren gidan mahaifin ɗayanmu, mu bakwai.

Toh batun rajistar da ka tambaya. Ba dole ba ne, mu har yau ba mu yi ba. Su sai kun kai mutum 20 kafin su ba ku takardar zama reshe, kowa ya kai shekara 18, sannan kuɗin zama memba da dala ake biya duk wata shida, kaga ɗan kilando mai haya da babur ko mai shago a kasuwa ba zai jure wannan ba. Akwai rassansu a Duwala da Yawunde, wanda yake da hali ya shiga zai ƙaru ƙwarai don tsarinsu mai kyau ne, ban raina shi ba. Amma rajistar da ni nake ganin ta zama muku dole ita ce ta gida: dokar ƙungiyoyi ta 19 ga Disamba 1990, ku rubuta dokokinku da sunayen shugabanni ku kai ofishin furefe, wato babban jami'in gwamnati na yankinku, a ba ku resefise, takardar shaidar an karɓa. Kai ma ka san halin tsaro a yankinku na Arewa Mai Nisa, taron samari duk mako ba takarda ba abin wasa ba ne. Kuma kafin komai ku je ku gaida jawro ko lawan ku faɗa masa.

Kayan aikinmu ba su ci mana ko jaka ɗaya ba. Su 'yan Toastmasters fitila suke kunnawa don nuna lokaci, kore da rawaya da ja. Mu akwai tela a cikinmu, ya yanko ƙyallaye uku daga ragowar yadi, da aka jera su sai ga launukan tutar Kamaru. Kore in ka kai minti biyar, rawaya a shida, ja a bakwai, in ja ya tashi ko kai waye sai ka naɗe tabarmar zancenka. Mai ƙirga kame-kame kuwa gwangwanin madara yake riƙewa da ƙwallayen dabino, duk sanda ka ce eee, ko wato wato, ko bon, ko donk, sai ka ji ƙwal a gwangwani. Ranar farko kowa ya sha mamakin kansa, har malamin namu.

Telan nan shi ne nake son in daɗe a kansa, don in an tambaye ni nasarar ƙungiya shi nake fara tunawa. Yana da i'ina mai ƙarfi, ya yi wata uku yana zuwa yana ɗaga ƙyalle kawai, bai taɓa yarda ya tashi ba. Ranar da ya yarda, jawabin farko ne wanda mutum yake gabatar da kansa, minti huɗu zuwa shida. Ya miƙe, ya riƙe bakin rigarsa da hannu biyu, zufa ta keto masa ga shi lokacin zafin Afrilu ne na Garwa, ya yi sallama, ya faɗi sunansa, sai kalmar da ke biye ta maƙale. Muna ji muna gani yana kokawa da ita. Dokarmu ita ce ba a ƙarasa wa mutum magana kuma ba a dariya, to haka muka yi shiru, mai lokaci ma ya kife wayarsa a tabarma. Da kalmar ta fito sai sauran suka biyo a hankali, ya ba mu labarin yadda tun yana lekol, wato makarantar boko, ya daina ɗaga hannu a aji saboda tsokana. Da ya zauna wani dattijo da ke leƙowa wani lokaci ya share ido da hularsa. Daga baya malam ya nuna mana bidiyon Mohammed Qahtani ɗan Saudiyya, wanda shi ma ya taso da i'ina amma ya ci gasar jawabi ta duniya ta Toastmasters a 2015. Telan ya sa aka tura masa a waya, ban san sau nawa ya kalla ba. I'inar ba ta tafi ba har gobe, amma yanzu shi ne ke magana da yawun telolin layinsu in an kira reniyo, wato taro.

Abin da ya fi ba mu aiki kuma shi ne harshe. Da farko wasu suka dage sai Faransanci zalla, wai shi ne zai yi amfani wurin konkur, wato jarrabawar gasar samun gurbi, da neman aiki. Cikin wata biyu waɗanda ba su yi nisa a lekol ba suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, zaure ya koma na 'yan boko. Nan muka zauna muka yi gardama mai zafi, aka tsaya a kan kowa ya zaɓi harshensa, Hausa ko Fulatanci ko Faransanci, sharaɗi ɗaya: wanda ka fara da shi da shi za ka ƙare. Wannan ya fi yadda kake zato wuya, mu nan da muke cakuɗa uku a jimla ɗaya. A ganina wannan shawarar ce ta ceci ƙungiyar, kuma ita ta sa a Janairun 2022 da Garwa ta karɓi wasannin kofin Afirka a filin Roumdé Adjia, 'yan Najeriya suka cika gari suna bin Super Eagles tun daga wasan da suka ci Masar 1-0 har Tunisiya ta fitar da su, yaranmu biyu suka yi ta tafinta tsakanin baƙi da masu masauki, Hausa zuwa Faransanci ba inda-inda.

Akwai kuma abin da ba za ku kwafo kai tsaye ba. A bidiyoyin nan za ka ji ana cewa ka kalli mutane ido cikin ido. Je ka gwada haka a fada ko gaban surukinka ka ga. Mu abin da muke koya wa yara shi ne ka san wa ke gabanka: in sa'anninka ne ko ɗakin jarrabawa, ɗaga kai ka kalle su, in manya ne ka rusuna ka yi gaisuwa cikakkiya, muryarka ta fito amma idonka ya yi ladabi, kuma kada gaisuwar ta cinye abin da ya kawo ka kamar yadda ta cinye mana maganar kwata.

Mata sun shigo daga baya. Toastmasters ɗin ma sai 1973 ta buɗe musu ƙofa. Mu ƙannenmu ne suka matsa, iyaye kuma ba su yarda da zama ɗaya ba, sai aka ware musu Asabar da safe a gidan wata malama, ita ke jagoranta. Ɗaya daga cikinsu, uwar 'ya'ya huɗu, ta tashi a taron iyayen yara na makarantar 'ya'yanta ta tambayi bayanin kuɗin da aka tara, cikin natsuwa, abu uku a jere, ta zauna. Maza da yawa a ɗakin tambayar na cikinsu amma ita ta yi ta.

Ba duka ne daɗi ba. Sau ɗaya mun kusa watsewa da aka fara kawo siyasar jam'iyya da saɓanin aƙida cikin jawabai, mutum biyu suka yi fushi ba su dawo ba har yau, kuma abin na damuna. Tun daga nan muka haramta maganar siyasa da ta aƙida a jawabi, shugabanci kuma wata shida ne a sauka. Korona ma ta taɓa mu, da aka rufe makarantu a Maris 2020 muka dakatar da zama muka koma tura jawabi da murya a WhatsApp, amma gaskiya bai kai tsayuwa gaban mutane ba, da aka dawo sai da wasu suka sake daga farko.

Gyaran jawabi ne zai fi ba ku wahala, ku sa ido a kai. Mai gyara ya fara da abin da ya yi kyau, ya faɗi abu ɗaya ko biyu da za a gyara, ba goma ba, kuma jawabin ake gyarawa ba mutumin ba. Kada ku bar babba kaɗai yana yi wa yara, yaro ma ya yi wa babba cikin ladabi.

In kana da hali ka shigo mota wata Lahadi da safe kai da mutum ɗaya ko biyu, kafin la'asar kun iso, ku zauna da mu ku ga zama ɗaya daga farko har ƙarshe, akwai wurin kwana. Ka yi min magana ta gefe kwana biyu kafin nan don in sa sunanka cikin masu jawabin ranar, telan kuma ya ce zai yanka muku naku ƙyallayen.