Amsa ga mai tambaya kan haɗa dabo da wa'azin yara

Salama a gare ka, ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya. Ka ce ka ga Turawa a YouTube suna haɗa dabo da wa'azi, a yanke igiya ta koma ta haɗe, hankici ya canza launi, kuma kana so ka gwada wa yaran makarantar Lahadi a Yelwan Yauri ranar bikin Kirsimeti, amma kana tsoron kada ya zama ka taɓa tsafi. Wasu 'yan'uwa sun ce maka zunubi ne ɗungurungum, wasu sun ce wasa ne kawai, ka yi abinka. Ni na shekara da shekaru ina yin wannan abu a ƙasar Zuru, na ga amfaninsa, na kuma ga ɓarnar da ya kusa jawo mini, shi ya sa na zauna in ba ka amsa mai tsawo.

Dabo daban, tsafi daban. Abin da Maimaitawar Shari'a sura 18 ta hana shi ne duba, da sihiri, da maita, da tuntuɓar matattu, wato neman iko a wurin da ba na Allah ba. Ɗan dabo kuwa ba shi da komai sai saurin hannu da sanin inda idon mutum yake kallo. Kuma abin ya daɗe a cikin aikin bishara. Don Bosco, wani fada na Katolika da aka haifa a 1815 kusa da Turin a ƙasar Italiya, tun yana yaro ya koyi rufa-ido da tafiya a kan igiya daga masu wasan kasuwa, yana tara mutanen ƙauyensu, ladan kallon kuwa shi ne a yi addu'a tare, a kuma saurari wa'azin da ya ji a coci ya haddace. A Amurka har ƙungiya gare su ta Kiristoci masu dabo, tun 1953. Saboda haka ba na cikin masu cewa zunubi ne.

Sai dai Amurka ba Zuru ba ce, ba kuma Yauri ba ce. Baturen da ka gani, mutanen da ke gabansa sun san wayo ne tun kafin su zauna, jin daɗinsu shi ne su kasa gano yadda aka yi. Mu kuwa mun tashi muna ganin 'yan dabo da gardawa da 'yan tauri a kasuwa, kuma ba wanda yake cewa hannunsa ne ke da sauri. Cewa yake ya dafu, yana da asiri, in ya gama wasa ya buɗe jaka ya sayar da laya. Wannan ne idon da jama'armu za su kalle ka da shi, ko da Littafi Mai Tsarki na hannunka na hagu.

Ban gane haka ba sai da na yi a wani ƙauye can wajen Ribah, inda muka je tare da 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai. Na yi musu wasan igiya uku: gajeriya, matsakaiciya da doguwa, na tattara su a hannu na ja, sai ga su duk tsawonsu ɗaya. Na ce haka muke a gaban Allah, mai ƙaramin laifi da mai babba duk mun kasa, kamar yadda Romawa 3:23 ta faɗa. Yara suka yi ta ihu, manya suka riƙe baki. Na sauka ina murna wa'azi ya shiga.

Ana tashi wata tsohuwa ta biyo ni da jikanta a goye, zazzaɓi ya kama shi kwana uku. Ba addu'a ta ce in yi ba. Cewa ta yi, “Malam, ka shafa masa igiyar nan.” Da yamma wani magidanci ya ja ni gefe yana tambaya ko abin yana aiki a kan kuɗi. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wani dattijon ikilisiya, mutumin da ya yi bokanci kafin ya tuba, ya tara kayansa ya ƙona a gaban jama'a kamar mutanen Afisa a Ayyukan Manzanni 19. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ɗana, abin da na ƙona shi ne ka ɗauko ka kawo mana gaban bagade?” Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake, kuma yana da gaskiyarsa. A daren nan ban yi barci ba. Na tuna Siman na Samariya, wanda ya riƙa ba mutane mamaki har suna kiransa ikon Allah, bai kuma ce musu a'a ba. Na tuna Bulus da Barnaba a Listira, da jama'a suka ɗauke su alloli, suka yayyage tufafinsu suna cewa su ma mutane ne. Su da mu'ujizarsu ta gaske ce ke nan. Ni da igiyar kasuwa na bar tsohuwa ta ɗauka akwai magani a hannuna. Yaron dai muka yi masa addu'a, muka kai shi asibiti da babur.

Lahadi mai zuwa na koma ƙauyen da igiyoyin. Na roƙi Baba Fasto minti goma, na juya tafin hannuna ga jama'a na nuna musu komai. Gajeriyar taƙi biyu ce, matsakaiciyar huɗu, doguwar shida. Kana naɗe gajeriyar biyu, ka sarƙafa ta a tsakiyar doguwar, ita ma a naɗe biyu, mahaɗar tana ɓoye a cikin hannunka. Rabin gajeriya da rabin doguwa sun zama taƙi huɗu, daidai da ta tsakiya. Shi ke nan asirin. Na kira yaro ɗan firamare ya yi a gabansu, ya kuwa yi. Aka yi ta dariya. Sai dattijon nan ya miƙe, ba wanda ya sa shi, ya ce shi ma a zamaninsa yakan ɓoye ƙaya ko 'yar tsakuwa a kumatu, ya tsotsi wurin da ke yi wa mutum ciwo, ya tofar a ƙwarya ya ce ga jifan da aka yi maka na cire. Coci ya yi tsit. Akwai waɗanda ke zaune a wurin da suka taɓa kai masa kaza saboda wannan tsakuwar. Ban taɓa ganin wa'azin da ya girgiza mutane kamar shaidar da ya bayar ran nan ba. Ba ina cewa duk tsafi dabo ne ba, ikon duhu yana nan, Littafi bai musa ba. Amma da yawa daga abin da ke tsorata mutanenmu yana cinye musu awaki da dawa, saurin hannu ne.

Tun daga ranar na yi wa kaina doka: abin da ba zan tona asirinsa kafin a tashi ba, ba zan yi shi ba. Na san 'yan dabon Turai suna da ƙa'idar kada a faɗi yadda ake yi, har masu yin na bishara da yawa suna riƙe da ita, su dai ce wa jama'a wayo ne ba iko ba. A wurinmu faɗa da baki bai isa ba. Ka ce wayo ne, a ce ai dama ba zai faɗi gaskiya ba. Gani ya kori ji. Bulus ma a 2 Korantiyawa 4:2 ya ce sun rabu da ɓoyayyun abubuwa da aikin wayo, a fili suke bayyana gaskiya.

Amma tonawar ta zo da tata matsalar, kuma wata yarinya 'yar aji biyar ce ta nuna mini. Da na gama bayyana igiyar a wani coci, ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, ashe ke nan ba daidai suke ba, doguwar tana nan doguwa.” Ta kuwa kama ni. Na kafa gaskiya a kan ƙarya, da ƙaryar ta faɗi sai darasin ya bi ta. Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe a duk maganata: ka zaɓi wasan da darasinsa zai tsaya da ƙafarsa bayan an ga yadda aka yi. Yanzu igiya uku ba na koyar da Romawa da ita. Ina koyar da Matiyu 24:24 da 1 Yohanna 4:1, cewa ido yana ruɗuwa, annabawan ƙarya za su zo da alamu, a gwada kowane ruhu. A nan tonawar ita ce wa'azin. Yaron da ya iya wannan igiyar da hannunsa, gobe in wani ya kafa tanti a gari yana fitar da allura daga cikin mutane yana karɓar kuɗi, zai tsaya ya yi tunani.

Don maganar gafarar zunubi kuwa aidin nake amfani da shi, wanda ake sa wa ciwo, kowane kemis akwai. Ka ɗiga shi a kofin gilashi mai ruwa ya yi ja-ja kamar ruwan gulbi da damina. A wani kofin ka jiƙa ƙwayar bitamin C fara, ka tace. Kana zubawa a cikin na farkon launin zai ɓace, ruwa ya koma garau. Wannan ba rufa-ido ba ne, bitamin ɗin ne yake canza aidin ya zama marar launi. Ka faɗa musu sunan kowane abu tun kafin ka fara, mamakin ba zai ragu ba, kuma darasin yana nan: ruwan bai iya wanke kansa ba, sai da wani abu ya shigo daga waje. Wasu suna yi da Hypo, bilic ɗin wanki, yana yi, amma ban so, yana cin kaya, ga yara da kai hannu baki. Ko da bitamin ne, ka zubar da ruwan da kanka da zarar ka gama. Ka gwada a gida sau uku ko huɗu ka san yawan ɗigon, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma don Allah kada ka ce wa yaranmu baƙi shi ne zunubi, fari shi ne tsarki, kamar yadda ake yi da littafin nan mai launuka marar rubutu. Su duba fatarsu su ji me? Ka ce dauɗa, ka ce tsabta.

Akwai waɗanda ba na taɓawa sam. Mai da ruwa ya yi kamar ruwan inabi, ko fitar da burodi daga kwando wofi, duk wani abin da ke kwaikwayon mu'ujizar Yesu. In ka yi ka tona, ka koya wa yaro cewa watakila a bikin auren Kana ma, inda Yesu ya mai da ruwa ruwan inabi, haka aka yi. In ba ka tona ba, ka yi ƙarya da sunan Ubangiji. Haka kuɗi, da wuƙa, da ƙwai, da jan ƙyalle, da ƙwarya, kowa ya san da wa ake ganinsu. Kada kuma ka ce “cikin sunan Yesu” a daidai lokacin da abin zai canza, sunan ba kalmar surkulle ba ne.

Ka fara nuna wa Baba Fasto da dattawa a keɓe, har da asirin, kafin yara su gani. Ka yi a ajin yara ko gindin bishiya, ba lokacin sujada ba. Ka kuma lura da masu ɗauka da waya. Guntun bidiyo na daƙiƙa talatin, an yanke wurin da ka tona, in ya shiga WhatsApp labari zai zama Kirista suna yi wa yara asiri. Muna zaune lafiya da maƙwabtanmu Musulmi, kasuwa ɗaya, rijiya ɗaya, ba ma bukatar irin wannan jita-jitar. In yaransu sun leƙo kallo, iyayensu su san abin da ake yi.

Wasa ɗaya ya isa a zama ɗaya. Na taɓa yin huɗu a jere, da na tambaye su bayan mako guda sun tuna kowane wasa, aya ko ɗaya babu.

Tunda wannan ne karonka na farko, ka fara da gicciyen takarda. Ka ɗauki falle ɗaya, ka naɗo kusurwar sama ta dama zuwa gefen hagu, ka naɗo tsinin da ya rage zuwa dama ya yi kamar rufin ɗaki, ka naɗe shi biyu a tsaye, sannan ka yage daga sama har ƙasa, ka bar kamar yatsa biyu daga jikin naɗin. In ka buɗe, gicciye ne. Babu abin ɓoyewa, kana naɗewa kana ba da labarin daga haihuwar Yesu a komin dabbobi har gicciye shi a Kalfari. Ka sayi takarda da yawa, don kowane yaro zai ce sai ya yi nasa ya kai wa mamarsa. Igiyar ka bar ta sai Ista, lokacin hannunka ya faɗa, dattawa kuma sun san ka.