Amsa ga ɗan uwa mai shirin jan karaban daga Adelaide zuwa Darwin

Wa alaikumus salam Malam. Na karanta tambayarka: kuna zaune a Adelaide, a kudancin ƙasar Ostireliya, kai da maiɗakinka da yara uku, kana da motar a-kori-kura mai ƙofa huɗu, ta dizal, wadda aka rubuta tana jan kilo 3,500. Kana so ka ja karaban, ɗakin kwanan nan na tafi-da-gidanka, har Darwin da ke can arewa, ta Uluru, babban dutsen nan na tsakiyar ƙasar, a hutun Disamba, mako huɗu, in da hali ku leƙa hanyar Gibb River. Ka ce me za ka tanada.

Da farko ka sauya watan tafiyar. A Disamba tsakiyar Ostireliya na cikin tsananin zafi, Coober Pedy da Alice Springs kan haura digiri 40, kuma a wajen Uluru akan rufe wasu hanyoyin ƙafa tun ƙarfe 11 na safe duk ranar da aka yi hasashen digiri 36. Arewa kuwa damina ce daga Nuwamba zuwa Afrilu: koguna kan haye hanya, Gibb River kan kasance a rufe. Lokacin wannan tafiya daga Mayu ne zuwa Satumba. Hutun Yuli mako biyu ne kawai, don haka sai ka nemi izinin makarantar yara tun da wuri. Ba a kai ƙananan yara wannan daji a Disamba da injin da ke jan tan uku.

Gibb River kuma ka cire ta a wannan karon. Adelaide zuwa Darwin kusan kilomita 3,000 ne, zuwa da dawowa 6,000. Ratsewa daga Erldunda, da ke kan hanyar Darwin, zuwa Yulara, inda ake kwana kusa da Uluru, da komowa zai ƙara wajen 500. Mai jan karaban da iyali, abin da zai yi a rana ba tare da wahala ba 400 ne zuwa 450. Ka ga kwana 16 kenan a kan sitiyari, saura 12 na hutawa da ganin gari. Gibb ita kaɗai kilomita 660 ce, mafi yawanta burji mai gargada, kuma kafin ka isa bakinta sai ka yi fiye da 500 daga Katherine zuwa Kununurra. Tafiya ce mai zaman kanta, tana kuma buƙatar karaban ɗin da aka ƙera domin ita.

Yanzu ga inda nake so ka fi mai da hankali, wato nauyi, domin nan ne mafi yawan sababbi ke ruftawa. Wannan 3,500 da aka rubuta gaskiya ce, amma da sharaɗin motar kusan ba kowa a cikinta. Akwai lambobi uku da za ka nemo. A jikin motar ko littafinta za ka ga GVM, iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta. Sai GCM, iyakar mota da abin da take ja a haɗe. A farantin da ke wuyan karaban kuma akwai ATM, iyakar nauyinsa da kaya. Sannan akwai nauyin da wuyan karaban ke dannawa a kan ƙugiyar mota, wanda ake so ya kasance wajen kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, kuma a kan motar ake lissafa shi.

Bari in buga maka misali da lambobi irin na waɗannan motoci, kai kuma ka sa naka. Ka ɗauka motar ba kaya kilo 2,250 ce, GVM 3,200, GCM 6,000. Idan ka ɗaura mata karaban mai 3,500, abin da ya rage wa motar 2,500 ne, wato kilo 250 kacal na mutane da kaya. Ku biyar kaɗai kun cinye shi. Idan karaban ɗin 3,000 ne, wuyansa zai danna 300, saura 650. Cire nauyin iyali, cire ƙarfen kariya na gaba da rumfar bayan mota, cire safaya ta biyu, firji, jarkoki, akwatin kayan aiki, za ka tarar ka zo baki. Shi ya sa nake ganin ga iyali irin naku karaban ɗin da bai wuce 2,500 zuwa 2,700 da kaya ba shi ne daidai.

Shi ma karaban ɗin yana da nasa ƙunci. Tsakanin nauyinsa ba kaya da ATM sau da yawa kilo 400 zuwa 600 ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankuna biyu masu lita 95 sun ɗauke 190 kafin ka saka cokali. Kada ka yi kintace. Ka loda komai kamar ranar tafiya, tankuna cike, iyali a ciki, ka je sikelin manyan motoci ka auna a haɗe, ka kwance ka auna kowanne daban. Wuce iyaka laifi ne a doka, kuma in aka yi hatsari kamfanin inshora na iya ƙin biya. Ga birki da giya da ke shan wuya a banza.

Yadda ka jera kayan ma magana ce. Masu nauyi su zauna ƙasa, a saman tayoyi. Duk abin da ka rataya a can ƙarshen baya, jarkoki ko kekunan yara ko akwati, yana rage nauyin wuya, kuma shi ke sa karaban ya fara tangaɗi idan babbar mota ta wuce ko iska ta bugo daga gefe. In ya fara, kada ka taka birkin mota da ƙarfi, kada ka yi ta murɗa sitiyari kana binsa. Ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari sak, ka danna maɓallin birkin karaban da hannu, shi zai ja shi ya miƙe. Ka san inda maɓallin yake har ka iya laluba shi ba ka duba ba. Karaban ɗin da ya haura kilo 2,000 doka ta wajabta masa birkin da ke kama kansa in ya tsinke daga mota, kuma da ƙaramin batir yake aiki, wanda mutane ke mantawa har ya mutu. Ka gwada shi.

Sai mai. Motar da ke shan lita 9 ko 10 a kilomita 100 cikin gari, da karaban za ta sha 16 zuwa 20, in iska na gaba ta kai 22. Da tankin lita 80, kilomita 360 zuwa 500 kake da su. Titin Stuart, babban titin da za ku bi zuwa Darwin, duk kwalta ne kuma akwai gidajen mai, amma daga Glendambo zuwa Coober Pedy wajen kilomita 250 ne ba komai a tsakani. Dokar da za ka bi ita ce: duk gidan man da ka tarar, in tankinka ya sauka ƙasa da kashi uku cikin huɗu, ka cika, ko da ya yi tsada. Gidan gaba na iya zama a rufe, ko famfonsa ya lalace, ko motar da ke kawo musu mai ba ta iso ba. Ka riƙe jarka biyu masu lita 20. Gaba ɗaya ka yi kasafin lita 1,200, ka kuma sa a ranka farashi yana hawa gwargwadon nisanka da birni. Ka tafi da filtar dizal ta safaya, domin mai mai datti ko mai ruwa yakan tsayar da injinan zamani cak.

Taya ta fi komai jawo tsayuwa a hanya. Tayoyin karaban sukan tsufa ba su suɗe ba, saboda zaman da suke yi a rana. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, mako da shekarar da aka yi ta. In ta haura shekara biyar ko shida, canza ta ko da zanenta na nan daram. Ka sa masu ƙarfin jiki, masu alamar LT. Safaya biyu ga mota, aƙalla ɗaya ga karaban, da injin bugun iska, ma'aunin iska, kayan faci, da katako mai kauri na ɗora jak, tunda ƙasar gefen titi takan nutse. Ka tabbatar jak ɗinka na iya ɗaga karaban ɗin da kayansa. Kafin tafiya bakanike ya buɗe boris ɗin tayoyin karaban ya sa sabon giris, ka kuma riƙe saiti ɗaya. Bayan kilomita 50 zuwa 100 na farko ka sake ɗaure notuna. Daga nan duk tsayuwa ka zagaya ka kai bayan hannunka kusa da tsakiyar kowace taya. Ɗumi ba laifi, amma in ɗaya ta fi sauran zafi sosai, boris ne ko birki ya kama, kada ka ci gaba.

In kun ratse hanyar burji ko ta ɗan gajeren zango ce, ka rage iskar tayoyi da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, ka rage gudu ƙasa da 80, ka mayar da iskar da zarar ka hau kwalta. Ka liƙa kwali a gilashin bayan mota, domin tsakuwar da tayarka ta watsa takan bugi gaban karaban ta dawo ta fasa shi. In ka ga allo cewa an rufe hanya, to an rufe, akwai tara mai nauyi.

A titin Stuart za ku haɗu da manyan motoci masu jan bodi uku, wasu huɗu, tsawonsu har mita 53.5. Arewa da iyakar jihar Kudancin Ostireliya wurare da dama an yarda a yi gudun 130, amma kai tsakanin 85 da 95 ne naka. Ka sa rediyon oba-oba a tasha ta 40, nan direbobinsu suke. In ɗaya ya matso bayanka kada ka rage gudu, don in ya rasa ƙarfinsa da wuya ya dawo da shi. Ka gaya masa kana ganinsa, ka riƙe gudunka, sai ya fito gefe sannan ka ɗan sassauta. Kai kuwa kada ka yi sha'awar wuce su. Kuma tuƙi ya fara bayan rana ta ɗaga, ya ƙare kafin la'asar sakaliya. Yawancin ƙasar ba shinge, shanu da kangaru da raƙuman daji suna fitowa titi da asuba da magariba, kuma baƙar saniya a kan baƙar kwalta ba a ganinta sai an iso.

Ruwa: ku lissafa lita 10 ga kowane mutum a rana, sha da girki da alwala, ban da wanka. Bayan na tanki, ka ware jarkoki na kwana uku waɗanda ba a taɓawa, domin dutse ɗaya na iya tsinka bututun da ke ƙarƙashin karaban ruwan ya tsiyaye ba ka sani ba. Ruwan rijiyoyin burtsatse na wasu wuraren yana da gishiri, ka tambaya kafin ka cika. A Coober Pedy sayensa ake yi.

Waya za ta ɗauke na tsawon sa'o'i tsakanin garuruwa. Layin Telstra ya fi sauran kaiwa nesa, amma shi ma ba ko'ina ba. Ka sayi ƙaramar na'urar kiran agaji ta tauraron ɗan Adam, PLB, ka yi mata rajista da hukumar AMSA mai kula da aikin ceto, ko ka yi hayar wayar tauraron ɗan Adam. Lambar gaggawa 000 ce, kuma a can nesa likitocin jirgin sama na RFDS ne ke zuwa. Ka duba ko kuna da inshorar motar asibiti, don Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati, ba ta biyan wannan. Ka kuma tambayi ƙungiyar agajin motoci da kake ciki a rubuce: in mota ta mutu, za su ja karaban ɗin shi ma, kuma har kilomita nawa? Ka bar wa wani ɗan uwa jadawalin inda za ku kwana kowace rana. In kuka lalace a daji, kowa ya zauna wurin mota. Mota ake hangowa daga sama, kuma wurinta inuwa da ruwa suke. A akwatin magani ka sa bandeji masu faɗi na saran maciji: a naɗe gaɓar duka da ƙarfi, a hana ta motsi, ba a tsagawa, ba a tsotsa.

Daga Katherine zuwa arewa ƙasar kadoji ce. Ba wanka, ba alwala a bakin kogi, ba barin yara su yi wasa a gaɓa, sai inda allo ya ce an yarda. A tsakiya kuma sanyin dare na Yuni da Yuli kan kai ga ƙanƙara, ku ɗauki barguna, amma kada a kunna murhun gas a cikin karaban don jin ɗumi, hayaƙinsa da ba ya wari yana kisa cikin barci. Tukwanen gas a rufe suke tafiya.

Naman halal ku saya a Adelaide, a ɗaure shi a ledar da aka zuƙe wa iska, a daskarar. Akwai masallaci a Alice Springs da Darwin, jama'ar can za su nuna muku inda za ku ƙaro. Ɗanyen 'ya'yan itace da kayan miya kuwa kada ku tara da yawa, ba a tsallaka wasu iyakoki da su saboda ƙudan da ke ɓata amfanin gona, musamman a dawowarku jihar Kudancin Ostireliya. Wurin kwana a Yulara da Katherine da Darwin ka kama tun watanni kafin lokaci, don Yuni zuwa Agusta kowa ya fito, kuma ba a kwana a cikin gandun Uluru kansa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata ɗaya kafin nan ku yi gwajin kwana biyu da cikakken kaya zuwa tsaunukan Flinders da ke arewa da Adelaide, ba tare da jona wuta ba, ka ga ko batir da sola za su riƙe firji har safe. Ka sami fili ka koyi ja da baya, maiɗakinka kuma ta koyi ɗaurawa da kwancewa da tuƙin, ko da ba ta da niyyar karɓar sitiyari. In ka je sikeli, ka turo GVM da GCM da ATM tare da abin da sikelin ya nuna, mu duba lissafin tare kafin ka sayi wani abu. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.