Tambaya da Amsa: Shin na'urar CD mai tsada ta fi daɗin sauti?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, ina zaune a wani ƙauye da ke tsakanin Gumel da Maigatari. Tun zamanin kaset nake tara karatun Alƙur'ani da waƙoƙin bege da kiɗan gargajiya, daga baya na koma faifai, yanzu ina da sama da ɗari biyu. Da na'urar DVD nake saurare, haɗe da ƙananan lasifika biyu, wutar gidan kuma ta sola ce da inbata, wani lokaci janareta. Kwanan baya ɗan ƙanena ya kai ni shagon wani mai sayar da kayan sauti na hannu a Sabon Gari, Kano, aka nuna mini wata na'urar CD ƙirar Japan, mai nauyin da sai da hannu biyu ake ɗaga ta. Mai shagon ya ce in na ji sautinta zan ɗauka makaɗin yana zaune cikin ɗakina. Kuɗin da ya sa mata ya kusa sayen ɗan maraƙi. Shin da gaske ne sautin ya bambanta haka, ko kuwa daɗin baki ne irin na 'yan kasuwa?

Daga wani mai karatu a ƙasar Gumel, Jihar Jigawa.

AMSA: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Mai shagon bai yi maka ƙarya ɗungurungum ba, domin akwai bambanci tsakanin na'ura mai daraja da ta arha, amma ya zuzuta abin fiye da kima, kuma a yanayin da ka bayyana ina ganin na'urar ce ta ƙarshe a jerin abubuwan da za su gyara maka sauti. Bari mu fara da yadda faifan ke aiki, domin a nan dalilin yake.

Kamfanonin Philips na ƙasar Holan da Sony na Japan ne suka haɗu suka tsara faifan CD, suka tsayar da ƙa'idarsa a 1980, sannan na'urar farko da ta shiga kasuwa, wato Sony CDP-101, ta fito a Japan a watan Oktoban 1982. Faifan garmaho da kaset suna ɗauke da siffar sautin ne ita kanta, shi ya sa ingancin allura ko kan rikoda yake sauya abin da kunne zai ji nan take. Shi kuwa CD lissafi ne kawai a cikinsa. Ana auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, a ɓangaren dama da na hagu, a rubuta kowane awo da lamba ɗaya daga cikin matakai 65,536, sai a jera lambobin a matsayin ƙananan ramuka da ido ba ya gani, a kan layi guda da ya naɗe daga tsakiyar faifan zuwa bakinsa. Hasken leza ne ke bin layin yana karantawa. An kuma saka ƙarin lissafi na gyaran kuskure, ta yadda ko da ƙarzuwa ta rufe wajen milimita biyu na layin, na'urar za ta iya maido da lambobin da suka ɓace daidai yadda suke.

Abin da wannan ke nufi shi ne, in faifan yana da lafiya, lambobin da na'urar arha ta karanto su ne dai waɗanda mai tsada za ta karanto. Kamar ɗalibai biyu ne da aka ba allo ɗaya, baƙaƙe da wasullan da ke gabansu ba su sauya ba, sai dai a sami bambanci a murya da fitar da harafi. Muryar na'ura kuwa tana wurin da ake juya lambobin su koma sauti, wani ɗan guntun sashe da masu gyara ke kira DAC, da kuma 'yan kayan da ke bayansa masu miƙa sautin ga amfilifaya. A nan ne kamfanoni irin su Marantz da Denon da Accuphase suke kashe kuɗi. Nauyin da ka ji a hannu yawanci na babbar tiransfoma ne da kuma ƙarfen jikin na'urar, wanda ake kauraro shi don ya hana jijjiga. Suna raba hanyar wutar da ke juya faifai da wadda ke ciyar da sashen sauti don kada ƙarar injin ta kutsa cikin kiɗa, suna kuma sa agogon ciki mai tsayayyen bugu domin kowane awo ya fito a kan lokacinsa.

Duk wannan aiki ne na gaske, kuma idan ka gwada irin wannan na'ura da DVD maras suna da aka haɗa da kaya mafi arha, mai yiwuwa ka ji shiru ya fi tsabta tsakanin aya da aya, ka ji ƙasan ganga ya fi cika. Amma idan da matsakaiciyar na'urar CD ta kamfani sananne aka gwada ta, tazarar takan ragu har ta kai ga cewa mutum ba ya iya tantance wadda ke aiki in ba yana kallonta ba. Hujja ɗaya ita ce, kunnen ɗan Adam yana jin sauti ne daga girgiza 20 zuwa kimanin 20,000 a daƙiƙa, kuma saman wannan iyaka yana zaizayewa da shekaru, har wanda ya kai shekarun ritaya ba ya jin wani yanki mai yawa na can saman. Ban faɗi haka don na rage maka daraja ba, Malam, ni ma da nake rubutun nan abin ya fara tarar da ni.

Sai kuma batun da na fi so ka tsaya a kansa, wato faifan da ke cikin akwatinka. Faifan CD na sauti zalla ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 74 zuwa 80. Saboda haka duk faifan da ka ga an zuba masa waƙa hamsin ko ɗari, ko izu masu yawa a tashi ɗaya, to ba irin faifan da aka ƙera wannan na'ura dominsa ba ne. Ko dai MP3 ne a cikinsa, wato sautin da aka matse don ya rage cin wuri, ko kuma faifan DVD ne. Na'urar DVD ɗinka tana karanta waɗannan duka, shi ya sa ba ka taɓa lura ba, amma da yawa daga manyan na'urorin CD, musamman tsofaffin da ake shigowa da su na hannu, ba su san MP3 ba sam, kuma babu wadda aka yi don CD zalla da za ta kunna DVD. Kana iya kai ta gida ka tarar rabin faifanka ko fiye ba sa tashi.

Ko waɗanda za su tashi ma sai an duba asalinsu. Yawancin faifan da ake sayarwa a kasuwanninmu na ƙauye a kwamfuta aka ɗora su, daga sautin da aka riga aka matse. Sautin CD na asali yana gudana da bit, wato ƙwayar lissafin kwamfuta, 1,411,000 da ɗoriya a daƙiƙa, yayin da MP3 da aka saba yaɗawa yake da 128,000, kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya ke nan. Abin da aka zubar wajen matsewa ba ya dawowa don an sake ɗora sautin a faifai, kamar yadda nonon da aka tsiyaye mansa ba ya komawa kindirmo don an juye shi a sabuwar ƙwarya. Haka nan tsofaffin kaɗe-kaɗen da aka kwaso daga kaset, da shuuu ɗinsu da rawar muryar da zaren kaset ya jawo, na'ura mai kyau za ta fito maka da su ne ƙarara. Hanya mai sauƙi ta gane faifan kamfani ita ce ka juya cikinsa: wanda aka buga a masana'anta fari ne fat kamar azurfa, wanda aka ɗora a kwamfuta kuwa sau da yawa yana da ɗan launin kore ko shuɗi ko ruwan zinare, kuma ana iya ganin iyakar inda rubutun ya tsaya. Irin wannan na biyun ba ya maido da haske sosai, don haka tsohuwar na'ura da idon lezarta ya fara rauni takan yi ta tsalle a kansa.

Game da wuta, kafin komai ka sa a juya maka bayan na'urar ka karanta abin da aka rubuta kusa da wayarta. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce. Kayan da aka yi don kasuwar cikin Japan na bolt 100 ne, na Amurka kuma 120, kuma in aka jona ɗayansu kai tsaye a soket ɗinmu tiransfomar za ta ƙone nan da nan. Dole sai da ƙaramar tiransfoma mai rage wuta. Wanda aka yi don Ingila ko sauran ƙasashen Turai shi ne ya dace da tamu. Sannan ka bincika irin inbatar da kake da ita, domin masu arha ba sa fitar da wuta mai santsi irin ta layi, a tsittsinke take zuwa, kuma ita ce ke sa tiransfoma ƙugi da zafi, wani lokaci ma ƙugin ya biyo waya ya fito ta lasifika. Ƙaramin janareta kuwa wutarsa hawa da sauka take yi, ga ƙararsa da ke shigowa ta taga, wadda ita kaɗai ta isa ta binne ɗan bambancin da aka biya kuɗi dominsa.

Da ni ne ke riƙe da kuɗin nan, a lasifika da amfilifaya zan zuba mafi yawansu. Lasifika ce ke motsa iskar ɗaki, kuma a nan ne kayan sauti suka fi bambanta da juna nesa ba kusa ba. Ƙaramar lasifika ta roba ba za ta iya fitar da ƙasan ganga ko amon kalangu in an matse shi ba, ko da wace irin na'ura aka jona mata, haka kuma takan cakuɗa gunna da ƙalƙala a bakin makaranci har su rasa kaifinsu. Lasifika biyu masu akwatin katako, matsakaita, da amfilifaya mai lafiya, za su sauya maka sauraro ta yadda ko jikanka zai lura tun daga zaure.

Ɗakin ma yana da nasa rabon, kuma gyaransa kusan kyauta ne. Ɗakin siminti da babu komai a cikinsa, mai rufin kwano ba silin, yana mayar da sauti ta kowace kusurwa har kalmomi su hau kan juna. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi shi kwantar da amo. In naka na siminti ne, shimfiɗa darduma ko tabarma mai kauri, ka rataya labule, ka bar katifa da kantar littattafai a ciki. Ka janye lasifikan daga lungu da jikin bango kaɗan, ka ɗora su a kan abu mai ƙarfi daidai tsayin kunnenka in kana zaune, tazarar da ke tsakaninsu ta yi kusan daidai da tazarar kowace zuwa wurin zamanka. Game da wayoyin haɗi masu tsada da za a iya tallata maka, waya mai kauri wadda bakinta bai yi tsatsa ba ta wadatar.

In duk da haka ranka ya kwanta da na'urar, wanda ba laifi ba ne, domin kaya ne masu ƙarko da kyan gani, to kada ka biya sai ka gwada da kanka. Ka tafi da faifai uku ko huɗu daga cikin naka, har da wanda ya ɗan ƙarzu, ka kuma tafi da DVD ɗinka. A jona su biyun a amfilifaya ɗaya da lasifika ɗaya, a daidaita ƙarfin murya sosai, domin kunne yakan ɗauki wadda ta ɗan fi ƙara a matsayin wadda ta fi daɗi, kuma masu shago sun san haka. Ka juya baya, ɗan ƙanenka ya riƙa sauyawa ba tare da ya gaya maka ba, sau goma ko fiye, ka gani ko za ka riƙa cankar wadda ke aiki. Ka bar na'urar CD ɗin ta yi aƙalla rabin sa'a tana juyi don ta ɗauki zafi, ka kuma tsallaka zuwa waƙoƙin ƙarshe na faifan, waɗanda suke can bakinsa, domin a nan ne gajiyar inji da karkacewar faifai suka fi bayyana. Ka buɗe tiren da ake ɗora faifai ka rufe sau da yawa, saboda ɗan bel ɗin roba da ke jansa yana saki idan ya tsufa.

Idon leza yana da iyakar kwanansa, kuma ƙurar hunturu irin ta wajenku tana gaggauta masa rauni, don haka na'urar tana bukatar mayafi duk lokacin da ba ta aiki, faifan kuma a riƙa goge shi da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, a kuma nisanta shi da rana. Na wasu tsofaffin na'urori an daina ƙera idon tuntuni. Kafin ka miƙa kuɗi, ka rubuta lambar ƙirar da ke jikinta a takarda, ka kai wa mai gyaran rediyo da ka amince da shi, ba na shagon ba, ka tambaye shi ko ana samun idonta a Kano da kuma nawa yake.