cqlsh na cewa "Connection refused" bayan an ɗauke wuta: daga ina zan fara?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya, da fatan an wuni lafiya, ya ƙoƙari? Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin haɗa manhaja a nan Jos, wajen Rayfield. Muna da kwamfutoci uku masu Ubuntu da muka ɗora wa manhajar rumbun bayanai ta Cassandra 4.1, a ciki muke ajiye bayanan cinikin da manhajarmu ke tattarawa, kuma kowane bayani yana da kwafi uku. Daren Lahadi aka ɗauke wuta har batirin inbatar da ke riƙe da kwamfuta ta farko ya ƙare, ta mutu. Da safe na kunna ta, na buga cqlsh, wato umarnin da ake shiga Cassandra da shi, sai ga wannan:

Unable to connect to any servers, 127.0.0.1:9042, ConnectionRefusedError(111, Connection refused)

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na je kan sauran biyun da ba su mutu ba, nan ma saƙo ɗaya, alhali manhajarmu na aiki lafiya lau. Wanda ya kafa mana tsarin ya bar aiki. Na kashe fayawol a duka ukun, babu abin da ya canja. Wani abokina ya ce in goge Cassandra in sake sakawa. Me kake ba ni shawara? Allah ya ƙara basira.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, amin na gode. Kafin komai, don Allah kar ka goge komai tukuna, kuma ka je ka mayar da fayawol ɗin nan yadda yake. Zan gaya maka dalili.

Saƙon da ka gani yana ɗauke da labari fiye da yadda ake zato. Lambar nan 111 ita ce amsar da Linux ke bayarwa idan ka nemi haɗuwa da wata ƙofa a kan inji, injin ya ji ka sarai, ya dawo maka da amsa nan take cewa babu wata manhaja da ke sauraro a wannan adireshi da wannan ƙofa. Kamar ka je kasuwar Terminus ne ka yi sallama a shago, maƙwabcin shagon ya leƙo ya ce yau ba a buɗe ba. Hanya ta kai ka, an kuma amsa maka. Da a ce fayawol ne ya tare ka, a yawancin lokuta shiru za ka ji: cqlsh ya tsaya jim yana jira, sannan ya ce lokaci ya ƙure. Haka ufw, fayawol ɗin Ubuntu, yake yi a tsarinsa na asali, yana watsar da saƙon ne ba tare da ya amsa ba. Akwai fayawol da ake saita shi ya mayar da amsar ƙi, gaskiya ne, amma adireshin da ke cikin saƙonka 127.0.0.1 ne, wato injin yana kiran kansa, kuma ufw ba ya tare wannan hanya. Shi ya sa kashe shi bai amfana maka komai ba, sai dai ya bar rumbun bayananku a buɗe.

To tambayoyin da suka rage biyu ne: shin Cassandra na raye a kan injin, kuma in tana raye, a wane adireshi take sauraro? A fahimtata, matsaloli biyu daban kake da su, saƙonsu ne kawai ya zo ɗaya.

Mu fara da injuna biyun da ba su mutu ba, don nasu ya fi sauƙi. Idan ka buga cqlsh kawai ba ka ba shi adireshi ba, 127.0.0.1 yake nufa, ƙofa ta 9042. Ita kuwa Cassandra, a adireshin da aka rubuta a layin rpc_address cikin /etc/cassandra/cassandra.yaml take karɓar baƙi. Tunda manhajarku daga wani inji take zuwa ta same ta, tilas wanda ya kafa tsarin ya sauya wannan layi daga localhost zuwa adireshin injin a hanyar sadarwar ofis. Da zarar an yi haka, 127.0.0.1 ya daina aiki. Buga wannan ka gani da idonka:

sudo ss -ltnp | grep 9042

In ya nuna maka wani abu kamar 192.168.1.12:9042, shi ke nan, sai ka ce cqlsh 192.168.1.12 9042, za ka shiga. Ina kyautata zaton abokin aikinka da ya tafi yana da fayil ɗin cqlshrc a cikin ~/.cassandra na asusunsa, ko ya saita CQLSH_HOST, shi ya sa a hannunsa cqlsh kawai ya wadatar. Kai ma ka yi wa kanka irinsa, layi biyu ne ko uku: ka rubuta [connection], a ƙasa ka sa hostname da port.

Da ka shiga, ko ma kafin nan, ka buga nodetool status, umarnin da ke nuna halin kowane inji, a kan ɗaya daga cikin biyun. Ina sa ran ka ga UN a gaban guda biyu, DN a gaban ta farko. UN na nufin inji na raye kuma yana cikin gungu daidai, DN kuma ya faɗi. Wannan ne ya sa manhajarku ba ta ko tari ba: kwafi uku kuke da su, biyu na amsawa, kuma biyu cikin uku sun cika rinjayen da QUORUM, wato ƙa'idar cewa sai mafi yawan kwafi sun amsa, ke nema. Don irin wannan rana aka ƙera Cassandra tun a Facebook, kafin a sake ta ga jama'a a 2008. Amma ka sani yanzu ba ku da rarar ko ɗaya. In ta biyu ta faɗi kafin ka tayar da ta farko, duk karatu da rubutun da ke neman rinjaye zai tsaya.

Yanzu injin farko, inda aikin yake. A nan nake sa ran ss ba zai nuna komai ba. Kar ka yarda da systemctl status cassandra shi kaɗai, domin a Ubuntu da Debian sau da yawa yakan nuna "active (exited)" da koren rubutu alhali Cassandra ta tashi ta mutu cikin daƙiƙa kaɗan. Mutane da yawa sun ɓata yini guda saboda wannan koren rubutu. Ka duba da pgrep -af cassandra ko akwai Java da ke gudana, don a kan Java Cassandra take aiki, sannan ka buɗe inda gaskiya take:

sudo tail -n 200 /var/log/cassandra/system.log

Layin da kake nema shi ne mai cewa "Starting listening for CQL clients on", da adireshi da 9042 a gabansa. Wannan ƙofa tana cikin abubuwan ƙarshe da Cassandra ke buɗewa. Sai ta gama karanta saitinta, ta buɗe faifan bayanai, ta sake karanta abin da ke cikin commitlog, wato kundin da take fara rubuta duk bayanin da ya shigo, ta gaisa da 'yan'uwanta ta ƙofa ta 7000, sannan ta buɗe wa cqlsh. A kan inji mai rauni wannan na iya ɗaukar minti ɗaya ko fiye, don haka wani lokacin haƙuri kawai ake buƙata. In layin bai fito ba, nemi ERROR na ƙarshe, ka karanta shi a natse.

Abin da na fi zargi, tunda wuta ce ta yanke ba zato, shi ne commitlog. Duk rubutun da ya shigo Cassandra, tana fara sa shi a commitlog da kuma ƙwaƙwalwar inji, daga baya ta juye shi a faifai. A saitin asali, duk daƙiƙa 10 take tabbatar da cewa commitlog ya zauna a faifai. In wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu, fayil na ƙarshe kan iya lalacewa, wani lokaci ma ya zama fanko. Da ta tashi ta ci karo da shi, sai ta ƙi ci gaba, ta rubuta CommitLogReplayException tare da cikakken sunan fayil ɗin da ya lalace, ta mutu. Da gangan take yin haka, kuma a ganina daidai ta yi: gara ta tsaya ta tambaye ka da ta yi shiru ta zubar da bayanan mutane. Maganin shi ne ka ɗauke wannan fayil ɗin guda ɗaya da aka ambata daga /var/lib/cassandra/commitlog, ka ajiye shi a wani wuri, sannan ka sake tayar da ita. Ka lura, ɗaukewa na ce. Za ka ga masu cewa a share duk fayilolin da ke cikin commitlog gaba ɗaya. Wannan ganganci ne, domin sauran fayilolin lafiyarsu ƙalau, kuma a cikinsu akwai cinikin da bai riga ya sauka a faifai ba. Ku da kuke da kwafi uku, abin da ya salwanta a fayil ɗin da ya lalace yana nan wajen sauran biyun, gyaran nodetool repair da zan yi bayani a ƙasa zai dawo da shi.

In ba commitlog ba ne, ka tuna wani abu: wataƙila wannan ne karon farko da injin ya sake tashi cikin watanni. Duk abin da ya canja a tsakani, sai yau zai bayyana. Na farko adireshi. In na'urar da ke raba adireshi a ofis ce ke ba injin lambarsa kai tsaye, tana iya ba shi wata sabuwa bayan ya mutu ya dawo. Cassandra kuma za ta nemi zama a tsohon adireshin da ke listen_address, ta tarar ba na injin ba ne yanzu, ta rubuta kuskure mai ɗauke da kalmar bind, ta fita. Gwada ip addr da abin da ke cikin cassandra.yaml. In sun saɓa, ka mayar wa injin tsohon adireshinsa ka kafe shi dindindin, ya fi maka sauƙi a kan sauya saitin gungu. Na biyu Java. Cassandra 4.1 da Java 8 ko 11 take aiki. Sai a 5.0, wadda ta fito a 2024, aka soma amfani da Java 17 a hukumance. In wani ya saka sabuwar Java don wani aiki ta zama ita ce ta asali a injin, Cassandra za ta mutu tun kafin ta iya rubuta komai a system.log. In ka ga fayil ɗin bai ƙaru da ko layi ɗaya ba tun daren Lahadi, buga java -version, sannan ka tayar da ita a gabanka don ka ga abin da za ta ce:

sudo -u cassandra cassandra -f

Da sunan cassandra za ka tayar da ita, kamar yadda na rubuta. In ka yi da root, wato asusun mai cikakken iko a Linux, za ta ƙi, ta ce sai ka ƙara -R, kuma in ka ƙara, sababbin fayilolin da za ta rubuta za su zama mallakar root, gobe ta kasa buɗe su. In wani ya riga ya yi haka, chown -R cassandra:cassandra a kan /var/lib/cassandra da /var/log/cassandra zai warware.

Sauran abubuwan da sauri zan wuce su. df -h zai nuna maka ko faifai ya cika. dmesg zai nuna ko Linux ne da kansa ya kashe Java saboda ƙarancin RAM, abin da ke yawan faruwa a injin da bai kai 8GB ba. In kuwa ka taɓa cassandra.yaml da hannunka a cikin wannan ruɗani, duba ko ka sa tab a maimakon sarari, ko ka manta sarari bayan alamar ɗigo biyu, don YAML ba ya yafe wannan. Akwai kuma wani hali mai rikitarwa: Java na gudana, amma 9042 a rufe. Idan Cassandra ta ga kuskure a faifai, saitin disk_failure_policy na asali, wato stop, yakan sa ta rufe ƙofar baƙi ta daina hulɗa da gungu, ta bar JMX, hanyar da nodetool ke bi, kawai a 7199 don a bincika ta. nodetool statusbinary zai ce maka not running. Akwai nodetool enablebinary da ke buɗe ƙofar, amma kar ka yi gaggawar buga shi sai ka san abin da ya sa ta rufe, domin in faifan ne ke mutuwa, buɗewa ƙarin ɓarna ne.

Batun shawarar abokinka: sake sakawa ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai. Fayil ɗin da ya lalace yana nan, adireshin da ya canja yana nan, Java ma haka. In kuma ka haɗa da share /var/lib/cassandra, ka mayar da matsalar fayil guda ta zama aikin sake gina inji gaba ɗaya, wanda ke da nasa ƙa'idojin.

Lokaci yana da muhimmanci a nan, kuma wannan ne abin da na fi so ka riƙe. Idan inji ya faɗi, sauran sukan ajiye masa rubuce-rubucen da ya rasa don su miƙa masa in ya dawo, amma na awa 3 kawai a saitin asali. Naka ya wuce haka tuni, saboda haka da zarar ya dawo UN, sai ka buga nodetool repair -full a kansa, a lokacin da ciniki ya lafa, don aikin na da nauyi. Sannan akwai iyaka ta biyu, wadda ta fi haɗari: gc_grace_seconds, daƙiƙa 864000, wato kwana 10. Cassandra ba ta share bayani nan take, alama take sa masa cewa an goge shi, kuma bayan kwana 10 tana iya kawar da alamar. Injin da ya yi fiye da haka a kwance, in ya dawo da tsofaffin bayanansa, abin da aka goge a bayan idonsa zai iya farfaɗowa ya bazu zuwa sauran. A rumbun ciniki, wannan na nufin rasit ɗin da aka soke ya dawo da rai. Kar ka bar aikin nan ya shiga mako na biyu.

A kan fayawol kuma, ka buɗe 7000 tsakanin injunan uku kawai, 9042 kuma ga injin manhaja da naka. Duba layin authenticator a cassandra.yaml: in AllowAllAuthenticator ne, wanda shi ne na asali, duk wanda ya kai ga 9042 ya shiga ba tare da kalmar sirri ba, har da baƙon da aka ba wa lambar Wi-Fi ta ofis. In an sa PasswordAuthenticator, tabbatar an sauya asusun farko, don sunansa cassandra, kalmar sirrinsa ma cassandra. Ka kuma yi wa mai gidanku maganar UPS mai iya sanar da inji ya rufe kansa cikin tsari kafin batir ya ƙare; nodetool drain kafin rufewa yana juye komai a faifai, ta yadda ba abin da zai rage a commitlog da zai lalace.

In ka bi wannan duka ta ƙi tashi, turo mini layuka hamsin na ƙarshe na system.log da abin da nodetool status ya nuna, ka rufe duk wani adireshi na waje da ke ciki, mu duba tare in sha Allah.