Amsa: Me ya sa agogo da waya suke saɓawa a nisan gudu?

Malam, ka ce agogonka ya nuna kilomita 5, waya kuma 5.2 a gudu ɗaya. Ba lalacewa ba ce. GPS, wato tsarin gano wuri ta taurarin ɗan'adam da agogon da wayar ke amfani da shi, yana ɗiga inda kake ne lokaci-lokaci, sannan ya haɗa ɗigogin da miƙaƙƙen layi. In tanadin batir na kunne, ɗigogin sukan yi nisa da juna, sai layin ya yanke kwanar hanya, nisa ya ragu. Tsakanin dogayen gine-gine kuwa, sigina kan bugi bango kafin ta iso, layin ya karkace, nisa ya ƙaru.

Saita agogon ya riƙa ɗiga inda kake kowace daƙiƙa, kuma ka tsaya a sarari har ya kama taurarin ɗan'adam kafin ka fara. Waya kuma ɗaura ta a damtse, kada ka cusa ta cikin jaka.