Amsa ga mai son ɗauko tsohuwar 504 daga wajen 'yan gwangwan

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka ga Peugeot 504 salun a wajen 'yan gwangwan, injinta ba ya tashi, kana tambaya ko ka saya ka gyara. Na yi wannan aikin da kuɗina, wata 14 ya ci min, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Injin da kake jin tsoro shi ne ƙaramar matsalarka. Motar nan ta fito a Faransa a 1968, aka fara haɗa ta a Kaduna a 1975, aka kwashe kusan shekara 30 ana yi. Shi ya sa har gobe in ka shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano za ka samu kafireta, lagireto, giyabos, har injin sukutum. Ba ta da kwamfuta, duk tsohon bakanike ya san cikinta kamar yunwar cikinsa.

Abin da ke kashe Fijo tsatsa ce. Ka tafi da tocila da sukundireba da ɗan maganaɗisu. Ka ɗaga kafet ka caka ƙasa, musamman wajen ƙafar direba. Ka duba ƙarƙashin ƙofofi, ƙasan but, da mazaunin shokozoba na gaba. Sannan ka cire kunya ka kwanta a ƙasa ka leƙa inda ƙafafun baya suka kama jiki. In can ya rube, wallahi ka haƙura ko kyauta aka ba ka. Tawa da na gan ta sumul take, fenti na ƙyalli, na biya ina murna. Ranar da aka kankare ta sai ga ƙofar baya rabinta foti ne, wato abin da masu gyaran jikin mota ke shafawa su cike rami kafin fenti, an cusa tsumma da guntun kwali a rami an shafe. Da na ɗora maganaɗisu tun farko da na gane, don ba ya kama foti. Walda kaɗai ta cinye fiye da kuɗin da na sayi motar.

Injin kuwa, kada ka bari wani yaro ya kawo batir ya ce bari a gwada. Motar da ta shekara a ajiye ba a yi mata haka. A cire filogi, a zuba ɗan gas ko baƙin mai a kowane rami, a bar shi kwana uku ko huɗu, sannan a sa sifana a juya da hannu. In ya juya, alhamdulillahi. A zubar da tsohon mai, a sauke tanki a wanke, don fetur ɗin da ya daɗe danƙo yake zama ya toshe kafireta. In kuma sai an buɗe kan injin, ka tsaya a wurin: silif ɗin wannan injin, wato bututun da fistin ke kai-komo a ciki, cirewa ake yi, kuma in aka juya injin alhali kai na buɗe ba a danne su ba, sai su motsa, ruwa ya riƙa haɗuwa da mai. Nawa sau biyu aka buɗe shi saboda wannan gangancin.

Birki da tayoyi ba a lallaɓa su, sabbi za ka sa. Wayoyin wuta ma a sake, ɓeraye sun riga ka.

Kafin ka fitar da ko sisi, ka nemi takardu. Ka gwada lambar shasi da ta injin da abin da ke rubuce, a yi takardar ciniki da shaidu. Ba kowace motar da ta kwana a wajen gwangwan ce ta shigo ta hanyar arziki ba, kuma ba ka son bayan ka gama fenti wani ya tare ka a hanya ya ce tasa ce.

Ka ɗauko mana hoton ƙarƙashinta da na cikin but, ba na gaba ba, sai mu ga ko ta cancanci kuɗin janwe.