Ina da ciki, damuwa ta hana ni barci: zauren WhatsApp zai amfane ni?

Tambaya: Likita, daga Gombe nake, cikina wata 6. Tun shigowar korona barci ya ƙaurace min, sai kuka ba dalili, ko awo tsoron zuwa nake. An sa ni a wani zauren masu ciki na WhatsApp, amma surukata ta ce iska ce, hayaƙi za a yi min. Me zan yi?

Amsa: Sannu 'yar uwa, Allah ya raba lafiya. Zauren zai amfane ki matuƙar ungozoma ko ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa ne ke riƙe da shi. A zaure na ƙwarai, da tambayoyi 10 na ma'aunin Edinburgh, wanda ake gano alamun ciwon damuwa da shi a jikin masu ciki da masu jego, ake fara miki, sannan a riƙa kiranki a kai a kai ana jin yadda kika kwana. Amma waya ba ta gwada hawan jini, ba ta jin bugun zuciyar abin da ke cikinki. Ki koma awo.

Maganar iska kuwa, wallahi ta ishe ni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan 16 cikin 100 na masu ciki na fama da irin wannan lalura, galibi ciwon damuwa. Duk aljanu ne suka shafe su? Kullum sai an kawo mana mace ta rame, ido ya faɗa, mayafinta na warin hayaƙi, an rufe ta a ɗaki da kasko har tari ya kama ta. Wata ma a zauren aka samu mai sayar da "haɗin masu ciki" a jarka, ba a san me aka zuba ba, ta tura kuɗi ta sha. Ana can ana korar aljani, ita ta daina cin abinci, ta daina awo, ga haɗarin haihuwar bakwaini ko jariri marar nauyi. Addu'a ki riƙe ta, ba mai hana ki. Amma wa ya taɓa cewa mai ciwon suga raunin imani gare shi?

Idan tunanin cutar da kanki ya zo miki, ko kina jin muryoyi, kada ki tsaya rubutu a zaure. A kai ki Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe a ranar. Ranar awo kuma ki lallaɓa Hajiya ta raka ki, ta ji daga bakin ungozoma.